Mma Karimatu da Zauren Gidan Bene

Karimatu 'yar Salaga ce, jikar fataken goro. A gidan kakanta aka haife ta, gidan ƙasa mai zaure biyu da katanga mai kauri. Tun tana budurwa ta koyi daɓe a wajen gwaggonta: a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna duka har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe ta da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yi ja tana ƙyalli. Da aure ya kai ta Yendi, da sana'arta ta tafi. Shekara ashirin da wani abu, duk gidan da za a kawo amarya a zango, unguwar Hausawa, sai an aiko mata.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 siminti ya wadata, aike ya fara ja da baya har ya tsaya. A cikin haka mijinta ya rasu. 'Yarta Asiatu ta zo ta kwashe ta zuwa Bawku, inda take aure da wani mai fataucin albasa, Awudu.

Gidan haya ne suke ciki, ɗakunan bulo a jere da rufin kwano, kowace ƙofa tana kallon titi. Idan zafin watan Maris ya sauka, ɗakin yakan koma kamar tanda. Abin da ya fi damun Karimatu ma ba zafin ba ne. Duk mai wucewa yana ganin abin da ke cikin tukunyarka, baƙo kuma ba shi da wurin tsayawa sai bakin ƙofa. Ba ta taɓa faɗa ba, don gidan suruki ne, kuma ana kula da ita.

A shekarar 1991 Awudu da abokan kasuwarsa biyar suka sami fili kusa da kasuwa. Filin bai isa gida shida ba, sai suka shirya su tayar da bene guda mai sassa shida, uku a ƙasa uku a sama, kowane iyali ya mallaki nasa. Suka ɗauko Mikaila, wani mai zanen gini da ya yi karatu a Kumasi. Ranar da ya kawo zanen, aka shimfiɗa shi a kan tabarma a ƙofar ɗakin Awudu. Karimatu tana gefe tana tsince shinkafa, tana jin ana lissafa tagogin gilashi da baranda mai kallon titi.

Ba ta iya yi wa surukinta magana kai tsaye a gaban mutane, sai ta ce wa Asiatu a hankali, "Tambaye su, ina zaure?"

Mikaila ya ji. Ya juyo ya ce, "Mma, ai bene ba a yi masa zaure."

"To idan an yi rasuwa, ina maza za su zauna? Idan suna ne, ina mata za su kafa tukwane?"

Alhaji Sidiku, babba a cikin masu filin, ya yi dariya. "Mma, gida irin na Ankara, babban birnin ƙasa, muke so. Kada ki mai da mu gidan laka."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Bayan kwana uku sai ga Mikaila shi kaɗai. Ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa, ya ce tambayarta ta hana shi sakat. A makaranta an nuna musu hotunan tsofaffin gidajen arewa, amma shi a Kumasi ya tashi, bai taɓa kwana a ko ɗaya ba. Ya tambaya ko gidan kakan nata yana nan.

"Rabona da shi shekara tara," in ji ta. "Ban san abin da ruwa ya bari ba."

"Idan Awudu ya yarda, za ki kai ni?"

Awudu ya yarda, Asiatu ta raka su. Suka shiga lori suka gangara ta Gambaga, suka kwana a Yendi wajen dangin marigayi mijinta, washegari suka isa Salaga da rana tsaka. Rabin gidan ya zube. Inda ɗakin gwaggonta yake, kuɓewa aka shuka. Karimatu ta tsaya tana kallo, ta share ido da bakin mayafi. Amma zauren farko yana tsaye, wani ɗan'uwanta yana ajiye doya a ciki.

Mikaila ya sunkuya ya shiga, gumi na zuba a wuyansa. Ya tsaya cak. Ya ɗora tafin hannu a bango, sannan ya ciro tef ɗin awo.

Yini guda yana tambaya tana ba shi amsa. Me ya sa ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna? Ta ce don na waje ya sami inuwa ba tare da ya ga cikin gida ba. Me ya sa tagogi ƙanana, can sama? Ta ce zafi sama yake tashi, nan ake buɗe masa hanya. Ya nuna indararo, dogon bututun da ke zubar da ruwan rufi nesa da bango, ta ce wannan ai shi ma ya gani da idonsa. Da ya zo kan zanko, ƙahonnin nan na kusurwar soro, sai ta yi murmushi.

"Magina suna da nasu dalilin. Ni dai abin da na sani, idan ka dawo daga tafiya, shi kake fara hangowa."

Sabon zanen da ya kawo ya jawo gardama ta mako biyu. Ya juya ginin ya ba titi baya, sassan shida suka kewaye tsakar gida ɗaya, baranda ta koma ciki. Ya sa zaure a gaba, da zanko a kusurwoyi huɗu. Bai ɓoye musu komai ba. Ya ce benen ba zai yiwu da laka ba, bulo da ƙarfe za a sa, sai dai bangon yamma za a ninka shi. Kuma kowane ɗaki zai ragu da kusan taku biyu saboda tsakar gidan. Matan ne suka raba gardamar, don da Asiatu ta kai musu labari, kowace ta tsare mijinta. Alhaji Sidiku ya sakko, da sharaɗin a bar masa babbar tagarsa ta gilashi a nasa sashen. Aka bar masa.

Da gini ya kusa ƙarewa, Mikaila ya ce ba zai zuba siminti a zaure da barandar ƙasa ba, daɓe yake so. Karimatu ta aika Yendi aka kawo madaɓinta da ta bari a wajen kishiyar ƙanwar mijinta. Ta tara mata, aka yi kwana biyu ana duka. Kwana biyar bayan haka daɓen ya tsattsage.

Kunya ta kama ta ƙwarai. Ta ga Alhaji Sidiku ya zo ya duba, ya juya ya tafi. Sai wata tsohuwa Bakusasiya, 'yar asalin yankin, da ke sayar da dawadawa a bakin filin ta leƙo, ta ɗebi tsakuwar ta murza. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce ƙasar nan ba irin ta Yendi ba ce, yashi ya yi mata yawa. Ta kai Karimatu wani rami a bayan gari inda matan ƙauyensu suke ɗiba. Ranar da aka sake aikin tsohuwar ta zo da mata takwas. Su suna waƙa da Kusasanci, matan zango suna amsawa da Hausa, madaɓai suna sauka tare. Wannan karon ƙasa ta kwanta, ta sha makuba sau uku.

A 1993 aka tare. Sashen Awudu yana ƙasa, aka ba Karimatu ɗakin da ke kusa da zaure. Gidan ba shi da sanyin na Salaga, ita ma ta faɗa, ɗakunan sama kuwa sai da fanka. Amma da azahar mutum yana iya kwanciya ya yi barci. Yara suna wasa inda uwa shida ke ganinsu. Sunan farko da aka yi, tukwane tara aka kafa a tsakar gida, maza suka cika zaure, babu wanda ya tare titi. Alhaji Sidiku ya sa wa tagarsa labule mai kauri, kuma yawancin yininsa a zaure yake yi da rediyonsa. Wata rana ya aiko wa Karimatu turmin atamfa, ya ce a gaya mata gaisuwa ce kawai.

Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna kallon ginin. Wasu suna cewa masallaci ne, wasu suna cewa kwalliyar banza ce a sa wa bulo zanko. Mutum biyu kuma suka nemi Mikaila ya zana musu irinsa, ɗaya har daga Bolgatanga.

Karimatu ta ƙara yin daɓe a gidaje uku kafin gwiwa ta hana ta durƙuso. Idan mata suka taru da yamma ana hira, wata ta yaba mata da gidan, sai ta ce ita tambaya kawai ta yi, a gode wa wanda ya dawo ya zauna a ƙasa ya saurara, da mata shidan da suka ƙi bari. A addu'arta ta bayan salla takan sa Mikaila, da Awudu da bai taɓa nuna mata gajiya ba, da tsohuwa mai dawadawa, wadda har yanzu ba ta iya faɗin sunanta daidai ba.

A damina ta 1998 idonta ya fara rauni. Asiatu ce ta karɓi shafa makuba a wannan shekarar, uwar tana zaune a bakin ƙofa tana shafa ƙasa da tafin ƙafa, tana gaya mata inda bai sha ba.