Telan da Ya Rage wa Maciji Ƙafafu

A gidanmu na unguwar Sabangali wuta ɗaya ce take aiki biyu. Bayan sallar isha Kaka Hure takan hura gawayi don dutsen guga, domin ita ke goge lafayoyin da babanmu yake kaiwa kasuwa, mu jikoki kuma mu kewaye kaskon. Iskar kogin Shari na ƙetaro katanga, sauro na biye da ita. Kaka ba ta buɗe baki sai dutsen ya yi zafi.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna," in ji ta.

Tatsuniyar da na fi riƙewa ita ce ta Kurege tela. Wai shekara da shekaru yana gidan maigidansa, abu ɗaya ya koya, ƙafar wando. A zamanin nan Maciji yana da ƙafafu huɗu kamar kowa. Ya kawo ɗinkin Sallah, Kurege ya zura masa doguwar ƙafar wando guda. Ƙafafu suka ƙi shiga. Kurege ya ce, "Haka aka koya mini, ɗinki ba ya kuskure. Jikinka ne ya yi yawa." Maciji ya ji kunya, ya miƙa ƙafafun aka rage, ya fita yana jan ciki, mutane suna yaba yadda kaya suka zauna masa. Sai ga Jimina ta shigo da dogon wuya da fikafikai.

A nan Kaka take tsayawa. Ta yayyafa wa lafaya ruwa ta ce, "Na yanka muku, ku ɗinka."

Yayana Sani ya ce Jimina ta shure Kurege.

"Kai maigida, wannan ƙarshen na ji shi tun ubanka yana yawo ba wando. Kalas, ya isa haka, wani ya kawo nasa."

Ni na ce Jimina ta ƙwace almakashin ta yanka wa kanta riga. Kaka ta miƙo mini dabino. "Ke kam za ki ɓata wa mutane yadi."

Yau ina koyar da ɗinki da zanen tufafi a makarantar horar da malamai. Ɗalibaina su ne gobe za su tsaya gaban yara. Muna da patron ɗaya, wato takardar da ake shimfiɗawa kan yadi a bi gefenta da almakashi. Rigar jariri ce mai zagayayyen wuya, takardar ta girme ni, ta yi laushi kamar tsohon zane. Ranar da na raba musu ƙyallaye na ce kowa ya yanka abin da ransa ya ba shi, sai suka zuba mini ido.

"Madam, wanne ake so?"

Ashta kaɗai, wata 'yar unguwar Atrone, ta sa almakashi. Lafayar innarta ta taɓa shiga tayar kilando, mashin ɗin haya, ta fizgo ta ƙasa. Sai Ashta ta ɗinka lafaya mai igiya a ciki, a ja igiyar ta tattare har ƙwauri, a sauka a sake ta. Har aljihun alli ta yi mata. Wannan lafayar ta kai jarrabawa. Alƙalai suka zo da awo, suka nemi zagayayyen wuya ba su samu ba. Na yi magana, aka saurare ni da ladabi irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi. Ashta ta maimaita shekara.

Bana ta kawo rigar jariri, ko zare bai kauce ba, ta zo ta ɗaya. Na je duba ta a ajin da take gwajin koyarwa. Wata yarinya ta faɗaɗa hannun riga yadda ta ga ya fi kyau. Ashta ta ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Warware. Patron ba ya kuskure."

Ta juyo ta dube ni, tana jiran yabo.

Kaka ta daɗe a ƙasa, gas ya maye gurbin gawayi, Sani ya koma sayar da kayan gwanjo. A da ina tsammanin tatsuniyar kan Jimina take, shi ya sa na ci dabino. Akwai ƙarshen da ko ɗayanmu bai kawo wa Kaka ba, gara ma da ba ta ji shi ba. Jimina ba ta samu Kurege a shagon ba. Ya tsufa, ya bar wa Maciji almakashin.