Raƙumin da Aka Kwance

Tun ranar da yayana Bello ya ce 'yata Hadiza ba za ta tafi karatu Zariya ba, nake yawan tuna murhun Inna Ige. Kakarmu ce, mahaifiyar Baba, 'yar tsohuwa mai faɗa da rowar goro, amma ba ta rowar labari. A gidanmu na Ƙofar Taramniya, in sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i wurinta muke taruwa. Takan tura itace da ƙafa, ta watsa mana gyaɗa cikin toka, mu yi ta ƙona yatsu tana mana tsiya. Ni ne sarkin tambaya, don haka na fi kowa shan zungurin muciya.

A lokacin ba abin da ya cika mana kai kamar jirgin ƙasan wasa da Baba ya sayo a Makka, kawunan jirgi biyu na ƙarfe da layin dogo da ake haɗawa ya zama zobe a kan tabarma. Mu da sai an je Ƙaura kafin a ga na gaske, wannan ya ishe mu. Maɓallinsa ɗaya ne, kuma Baba kaɗai ke murɗa shi. In ya murɗa, duka biyun su tashi, in ya mayar, duka su tsaya. Gidan ma haka yake tafiya, kowa na kallon hannun Baba.

Wata rana na tambayi Inna me ya hana jirgi ɗaya ya tafi ya bar ɗaya. Ta harare ni ta ce, "Kai dai Sani bakinka bai hutawa. To ga wata nan tahe, ku tare ta da kunne."

Wai an yi wani ayarin fataken gishiri, raƙuma a jere, akalar kowane ɗaure da sirdin na gabansa. A can ƙarshe akwai wani ƙaramin raƙumi da tun tasowarsa bai san komai ba sai wutsiyar na gaba. Kullum iska na kawo masa ƙanshin gulbi daga yamma, kullum yana roƙon madugu ya kwance shi. Da ya ishe shi da naci, madugu ya kwance shi, ayari ya wuce. Raƙumi ya tsaya a fili, ga gabas ga yamma, ba mai jansa. Ya ɗaga ƙafa ya ajiye, ya sake ɗagawa ya ajiye, har rana ta faɗi yana nan. Sai ya ɗauki akalarsa a baki, ya bi sawun ayari da gudu, ya miƙa wa madugu.

Muka bushe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Mi kuka ma dariya? Ba wauta ta ba. Ba a taɓa koya mai tahiya shi ɗai ba." Ni dai na ɗauka biyayya take koya mana, na riƙe hakan da hannu biyu. Da aka ba ni aiki a Kaduna ina saurayi, Baba ya ce a'a, na ce to. Ya rasu, ragamar gida ta koma hannun Yaya Bello, ni kuma ina shagona a Gidan Igwai ina gyaran rediyo da talabijin har furfura ta fito.

Bana Hadiza ta tono jirgin nan daga cikin adaka. Ita ta gano a waya cewa ana mayar da irin tsofaffin nan na dijital. Ana saka wa kowane kai wata 'yar na'ura da ake kira dikoda, a ba shi lambarsa, sai ya yi tafiyarsa ko da ɗayan na tsaye. Sharaɗin ɗaya ne. A tsohuwar ƙira injin yana shan wuta ne ta gangar jikin jirgin, kuma dole a yanke wannan haɗin kafin komai. Na buɗe na farkon, na ga wayar haɗin a liƙe kamar yadda Baba ya bar ta, hannuna ya ƙi. Na ce ƙila a yi haka nan. Muna ba shi wuta dikodar ta yi hayaƙi ta ƙone. Hadiza ta karɓi filaya, ta datse wayar na biyun ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta liƙe sabuwar dikoda da dalma. Ya tashi shi kaɗai, tana tafi, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Karatun injiniya ta samu. Yaya ya ce 'yan gidan nan ba sa karatu a wani gari, ga makarantu a Sakkwato. Ni ne ubanta, kalma ɗaya daga bakina ta isa, kuma rajista ta kusa rufewa. Sai yanzu na gane Inna tausayin raƙumin nan take ji, kuma gargaɗi take mana. Ganewar ba ta ƙara mini ƙarfi ba, tsoro ma ta ƙara mini.

Jiya da la'asar na tsara maganata tsaf, na je zauren Yaya. Muka gaisa, muka taɓa hirar tsadar gero. Ya dube ni ya ce, "Sani, da magana?"

Na ce, "Babu, Yaya. Gaisuwa ta kawai."

Da na dawo na tarar da Hadiza a bakin ƙofa tana jirana. Ta dubi fuskata. Ta ce, "Baba, ga abincinka can na ajiye," ta shige ɗaki.