Kyamarar da Ta Maƙale a Hanjina

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni ɗan kabu-kabu ne, ina jigila tsakanin Kebbe da Tambuwal. Lokacin kuɗin mai na yawo, fasinja ba ya yankewa. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da take yi wa ƙugun mutum. Kullum kafin in tayar da mashin sai in tsaya wurin mai tallar magani a tasha, ya ƙulla mini haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, in kora da ruwa ko ban karya ba, da yamma in ƙara. Dukanmu haka muke yi. Ban taɓa lissafa shi cikin magani ba, kamar goro yake a wurina.

Da jiri abin ya fara, sai haki, tafin hannuna ya yi fari fat, bayan gida kuma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ranar wata kasuwa idona ya rufe ina goye da wata dattijuwa, Allah ya sa cikin yashi muka zube. Yayana, wanda ke aiki a sakatariyar Tambuwal, ya kai ni asibiti a Sakkwato. Aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ƙara mini, bayan ɗan lokaci ya sake zubewa. Aka zura abin dubawa ta baki, aka zura ta ƙasa, ba a ga inda yake tsiyaya ba. A gida har an fara zancen sammu. Likita ya ce saura ƙaramin hanji, inda waɗancan na'urori ba sa kaiwa, ya tura mu wani babban asibiti a Abuja.

Can wani likita ya nuna mini wata ƙwaya, ta ɗan fi ƙwallon dabino kauri, da fitila tana ƙyaftawa a kanta. Likitan ya ce kyamara ce, zan haɗiye ta, ta bi hanji tana aika hotuna zuwa na'urar da za a ɗaura mini a ƙugu, daga baya ta fita da kanta. Ya tambaye ni ko akwai maganin da na jima ina sha. Na ce babu, kuma har ga Allah haɗin tasha bai zo raina ba. Na yi bisimilla na haɗiye. Da aka duba hotunan aka ga gyambuna a hanjin, aka ba ni magunguna. Sai dai likitan ya ce batirin ya ƙare kyamarar ba ta kai babban hanji ba, don haka in sa ido, in mako biyu ya wuce ban ga fitarta ba, ko ciki ya murɗa, in nemi asibiti.

Na koma Kebbe da wannan magana a ƙirjina. Na daina shiga masai, sai fo na yara, in fito bayan ɗaki ina tonawa da tsinke, ni magidanci. Matata ce ke tsare mini ƙofa kada yara su gani. Kowace safiya ta dube ni, in girgiza kai. Ko a salla, in na yi ruku'u sai in ji kamar abin na motsi. Tuwo ya gagare ni, na koma kunu, har kunun ya fara dawowa. Ina ta ce wa kaina gobe za ta fito, don tsoron wuƙa. Ranar da cikina ya kumbura kamar ganga matata ta tsaya a kaina ta ce, “Maigida, wanga abu ba na jira ba ne. In ba ka tashi, ni ka zuwa in kira Yaya.”

Damina ce, mota ba ta shiga. A bayan mashin ɗin abokina aka ɗora ni, aka ɗaure mu da rawani don kada in faɗi. Kowane rami sai in ji kamar hanjina zai tsinke. Daga Tambuwal Yaya ya wuce da ni Sakkwato a mota, hoto ya nuna kyamarar tsaye cik wuri ɗaya. Kafin a shiga da ni tiyata wata likita ta zauna kusa da ni, ba ta ce magani ba, sai ta tambaye ni me nake sha idan ƙuguna ya riƙe. Da na faɗa mata, ta tambaye ni shekara nawa na yi ina sha. Ita ta bayyana mini cewa ƙwayoyin ne suka ci hanjin, inda ya warke ya tsuke, har kyamarar ta rasa hanya. Da na faɗa tun a Abuja, in ji ta, da an fara gwada ko hanyar a buɗe take.

An yanke wurin da ya tsuke, na tashi, alhamdu lillahi, jinin kuma ya tsaya. Ban zargi kyamarar ba, ko babu ita wurin nan zai toshe wata rana. Abin da na koya shi ne duk abin da ya wuce maƙogwaro don ya kashe ciwo magani ne, komai arharsa, kuma idan likita ya tambaya a zazzage masa duka, har jiƙo da gari. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kada kunya ta rufe masa baki. 'Yan uwana masu mashin, ciwon ƙugu hutu yake nema. Ni na hana shi yini ɗaya, sai da na ba shi damina guda a kwance, wasu na nome mini gona.