Maɓallan Gwaggo

Shekara takwas Gwaggo tana satar mini maɓallai. Ni tela ce, shagona yana ƙofar gidanmu. Ita kuwa ƙanwar babana ce, ungozoma da ta yi ritaya daga ƙaramin asibiti, amma ƙafarta ta ƙi zama. Duk matar da ta haihu a unguwar nan, sai Gwaggo ta je ta duba cibiyar jariri, ta yi wa uwar faɗa son ranta. In ta dawo sai ta biyo ta shagona, ta zura hannu a gwangwani ta ɗauki maɓalli ɗaya.

"Haba Gwaggo, na rigar mutane ne fa!"

"Su ɗaura igiya," in ji ta, ta wuce abinta.

A ɗakinta akwai kwalabe jere a kan taga, kowace shekara da tata. Jariri ɗaya maɓalli ɗaya, tagwaye biyu. Na taɓa tambayarta amfaninsu, ta ce kanta ya daina riƙe lissafi, kuma ba ta son ta manta da ɗan kowa. Ni dai na ɗauka rigimar tsufa ce.

Lokacin da muka tare, gidanmu ne na ƙarshe, bayanmu gonaki. Yanzu ko ka hau bene ba ka hango ƙarshen rufin kwano. Fili ɗaya ya rage a tsakiya, wanda tun farko aka ware wa makarantar firamare, aka kafa allo har allon ya yi tsatsa. Yaranmu kuwa sai sun tsallaka babban titi kafin su je makaranta, inda tireloli ke gudu kamar an koro su. 'Yata saura shekara ɗaya ta shiga aji ɗaya. Duk sanda na ji ƙarar birki daga can, sai na ajiye ɗinki na leƙa waje.

Kwatsam sai ga takarda daga ofishin tsara gari: za a mai da filin shaguna da wurin ajiye motoci, jama'a su zo su faɗi ra'ayinsu. Kai, raina ya ɓaci! Na yini ina taka keken ɗinki ina shirya baƙar maganar da zan yaɓa musu.

A filin aka yi taron, ƙarƙashin rumfa. Wani matashin injiniya ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya ce ƙidayar da ke hannunsu ta nuna yaran unguwar ba za su cika aji biyu ba. Ashe ƙidayar tun ta lokacin da aka yanka filaye ce. Na miƙe na zazzage masa, mijina yana jan mayafina ina fizgewa. Injiniyan ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, na ji ki. Amma ofis da alƙaluma yake aiki."

Sai ga Gwaggo da bokiti a hannu, tana haki. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta fara jera kwalabe a kan taswirar mutum. Ta farko, maɓallan ko gindinta ba su rufe ba. Ta huɗu ta kai rabi. Shekara ta takwas kuwa kwalba biyu ta ci.

"Ɗana, ga alƙaluma. Kowane ɗaya yaro ne. Ƙirga."

Mutane suka kwashe da dariya, shi ma ya murmusa. Amma ya zazzage maɓallan ya fara ƙirgawa, Gwaggo tana tsaye a kansa: wannan jan na mai gyaran babur ne, waɗannan biyun tagwayen malamar kemis. Da ya wuce ɗari uku, dariyar ta ɗauke. Ya tambayi yadda zai tabbatar.

"Kana da ƙafa, ko? Gobe ka zo da takalmin kirki."

Kwana huɗu tana jan sa gida-gida. Ya gano ma lissafinta ya gaza, don ba ta sa yaran da iyayensu suka taho da su daga wani wuri ba. Wannan ya ƙona mata rai sosai, ta yini ba ta kula kowa.

Bayan wata biyu aka sake tsarin. Shagunan aka kai su bakin titi, filin ya koma wa makaranta. Aji uku kawai aka fara ginawa, katangar ma har yau da saura, amma an buɗe.

Ina ɗinka wa 'yata rigar makaranta Gwaggo ta shigo. Na tura mata gwangwanin da kaina, ta ture shi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan maɓalli ruwan ɗorawa, ta ajiye a kan keke.

"Nata ne. Ranar da aka haife ta na ɗauka. Sa mata a wuyan rigar."

Rigar shuɗiya ce, sam bai dace ba. Ni da nake zura zare ido rufe, sau uku ina kuskure ramin allura saboda hawaye. Ranar Litinin na tsaya a ƙofar shago ina kallonta da maɓallin a wuya, har ta shige makaranta, ba ta tsallaka titi ko ɗaya ba.