Gidan da ke Cikin Hoto

Shekarar da aka ce guguwar teku za ta biyo ta kanmu a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ni na hana a gudu, ni kuma na dawo ina roƙon a gudu, duk a wuni ɗaya.

Wurin ɗana na fari nake zaune, a hawa na biyu na wani dogon gini bayan titin Gate City. Ɗaki biyu ne da falo, shi da matarsa da 'ya'ya uku, sai ni. Kwana uku talabijin ba shi da zance sai wani farin abu da ke juyawa kamar ana dama fura, da wani Bature cikin rigar ruwa yana ta ihu, iska na neman ɗauke shi, ya ƙi ya shiga ɗaki. Ɗana ya dawo daga aiki da ruwan roba katan-katan kamar zai buɗe kanti. Burodi kuwa ya ce an wawashe shi kaf a kantunan Wendover. Har yau ban gane me burodi zai yi wa iska ba.

Gab da azahar ya same ni. "Hajiya, ki haɗa kaya. Za mu Ohio, wurin wan maman yara."

"Me ya koro mu?"

"Ruwa da iska. Kuma ana iya ɗauke wuta kwana da kwanaki."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Wuta? Kai da na haifa a hasken aci-balbal? Teku tana can nesa, mutanenta ma nan suke gudowa. Kai kuma ka kwashi uwarka ka je ka tsugunna a gidan surukai saboda ruwan sama. Idan aka tambaye ni a gida, in ce me?"

Maganar surukan nan ita ta kayar da shi. Ya sunkuyar da kai, ya tafi sauke akwatuna daga mota. Na zauna ina jin kaina.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Aminiyata ce, wadda muka yi aikin hajji tare, tana zaune wurin 'yarta a wani gari na bakin teku. Matar nan ta daɗe tana addaba ta da hotuna, yau ga ta gaban ruwa, gobe ga ta gaban jirgin ruwa. Shi ya sa wata Sallah, da ɗana ya ratsa da mu ta Irving Park, unguwar masu hali, na ce ya tsaya. Na gyara leshina a gaban wani gida mai fararen ginshiƙai, ya ɗauke ni hoto. Na tura mata da kalma ɗaya: alhamdulillahi. Ban ce namu ne ba. Ban kuma ce ba namu ba ne.

"Hajiya, an ce mu tashi," in ji ta. "Otal duk sun cika. Mu bakwai ne. Na ce wa mijin 'yata ya kwantar da hankalinsa, gidan aminiyata ko mu ashirin ne zai ɗauke mu."

Na ce Allah ya kawo su lafiya.

Na tarar da ɗana yana hawowa da akwati na ƙarshe. "Na sake tunani," na ce. "Iskar nan ba ta wasa ba ce. Ka ga yadda take yi da Baturen nan?"

"A'a Hajiya, gaskiya kika faɗa ɗazu. Idan aka tambaye ki a gida, ki ce me?"

Matarsa, wadda ta ji wayar tun daga farko, ta leƙo daga kicin da fuskar salihai. "Mama, baƙi za mu yi ne? In ƙara shinkafa?"

Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Wallahi na shirya ƙaryata tsaf: mun riga mun kama hanya, gida a kulle. Sai ga saƙon muryarta. Ana jin kukan jariri da hon ɗin motoci, kuma babu yangar nan da na san ta da ita. "Hajiya, turo mana kwatance. Ba mu da inda za mu."

Na saurara sau biyu. Na fito na miƙa wa ɗana wayar. "Tura musu kwatancen gida. Na nan ɗin."

"Da akwai wani ne, Hajiya?" Shi da ya ɗauki hoton da hannunsa, marar kunya.

Gab da magariba suka iso. Ta hawo bene tana haki, ta dubi falo, ta dubi katifun da aka jera har bakin bayi. Na buɗe baki zan ce ana yi wa wancan gidan fenti ne, ta riga ni.

"Hajiya, ina karen?"

"Wane kare?"

"Na cikin hoton mana. Wanda ya leƙo ta taga a bayanki, da jan ƙyalle a wuya. Shekara uku ina son in tambaye ki ko shi ma ɗinkin Sallah aka yi masa."

Matar ɗana ta ruga kicin, ina jin tana tari.

"Kin sani," na ce, "kika kwaso min mutum bakwai?"

"To wa zan kwasar wa? Na san dai ba za ki rufe ƙofa ba. Matsa in zauna, ƙafata ta kumbura."

Guguwar ta zo a gajiye. Ta karya reshen bishiya a bakin titi, ta ɗauke wuta kwana biyu, mu goma sha uku muna layin bayi ɗaya. Masu digiri suka zauna suna kallon wayoyinsu suna mutuwa, ni da aminiyata muka hura gawayi a tsakar ginin, muka soye naman firji tas kafin ya lalace, muna gardamar wadda ta fi iya yaji. Ni ce.

Ranar da za su koma ta ce sai mun yi hoto a gindin benen. Na yarda. Na sa leshin nan dai, amma kafin a ɗauka sai da na juya na duba tagogin bayana ɗaya bayan ɗaya.