Kari Biyu a Hannun Rigar Mawaƙi

Maƙwabcina mai guga ne. Kari muke ce masa, don in ya sa wa wando kari sai ka ji tsoron zama kada ya yanke ka. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, ni ina facin taya, shi yana hura gawayi a dutsen guga. Ko an kawo wuta ba ya taɓa na lantarki, wai ba shi da nauyi. In kun gaisa da Kari, ba fuskarka yake kallo ba, wuyan rigarka yake kallo.

Abu biyu yake so a duniya: matarsa Maman 'Yan Biyu, da wani tsohon mawaƙi. Wanda ya fi so a ciki ba zan faɗa ba, ina son zaman lafiya. Yana da rediyo mai kaset da ya ɗaure murfinta da roba, kuma waƙa ɗaya take juyawa tun safe. A waƙar, saurayi ne tsaye a ƙofar gidan budurwa, ruwa na dukansa yana ƙwanƙwasawa, har waƙar ta ƙare ba a faɗi ko ta buɗe ba. Da waƙar nan Kari ya shawo kan matarsa, kuma a kanta suke musu shekara ashirin da biyu. Shi ya ce ta buɗe. Ita ta ce mace mai aji ba ta buɗe wa jiƙaƙƙe.

Ran nan gidan rediyo suka ce mawaƙin zai zo, mutum goma za su gana da shi, kowa tambaya ɗaya tak. Kari ya yi ta buga waya har Allah ya ci da shi. Nan fa layinmu ya ɗauka. Mai aski ya ce a tambayo masa ko baƙin gashin nan rini ne. Maman 'Yan Biyu ta zo har shago ta riƙe ƙugu.

"Baban 'Yan Biyu, ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Shi ke nan. In ka dawo min da wata magana daban, kai ma za ka ɗanɗana tsayuwar ƙofa."

Kwana uku yana gwaji a kaina, ni ne mawaƙi. Ranar kuwa ni na goya shi a babur, bai yarda ya zauna sosai ba saboda wando.

Aka sa mu wani ɗaki mai sanyi. Mawaƙin ya shigo cikin farar riga mai dogon hannu, ya tsufa amma muryar na nan. Wani ya tambaye shi yadda ya fara waƙa. Wata ta miƙe, kuka ya ci ƙarfinta, ta zauna. Wani ya ce wai me yake sha kafin ya hau dandamali. Na waiga na ga idon Kari ya kafe a hannun rigar nan. Na duba. Karin guga biyu ne kwance gefe da gefe, kamar layin dogo. Na taka masa ƙafa.

"Malam, ƙofa," na raɗa masa. "Ƙofa!"

Aka miƙa masa abin magana. Ya miƙe, gumi na keto masa cikin sanyin nan.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "don Allah wa ke maka guga?"

Na dafe kai. Na fara tunanin inda zan shimfiɗa masa tabarma a shagona. Mawaƙin ya ɗaga hannu ya dubi rigarsa, sai ya kece da dariya har yana share hawaye.

"Shekara arba'in ana min tambaya, ba wanda ya taɓa kama ni sai kai. Matata ce, ɗan'uwa. Ba ta yarda kowa ya taɓa min kaya. Ka san waƙar nan ta ƙofa? To ita ce a bayan ƙofar."

"Ta buɗe ke nan!" Kari ya ƙwala cikin abin maganar, sai da lasifika ta yi ƙara.

"Ta buɗe. Amma sai da mura ta kwantar da ni sati guda."

A hanyar dawowa ya zauna daram a babur, ya manta da wando. Muka tarar da Maman 'Yan Biyu a bakin shago da rediyo a cinya, ashe kai tsaye aka watsa, duk layin sun ji.

"Kin ji da kunnenki," in ji Kari, yana wani ƙobarewa.

"Na ji. Sai da ta bari ya jiƙu tukuna, ai ajin ke nan." Ta juyo gare ni. "Mai faci, kai kuma amfanin me ka yi?"

Na ce ni ne na taka masa ƙafa.

Musun bai mutu ba, ya canza riga ne kawai. Yanzu a kan minti nawa ta bar shi a ruwa suke yi. Kari kuwa ya aika wa mawaƙin takarda ta hannun gidan rediyo, wai ya turo rigar a gyara, matar mawaƙin ba za ta ji ba.