Ba Kuturta Ba Ce, Yaya Uwani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, biyar ga Rajab, shekara ta 1301, Allah ya karɓi ran Yaya Uwani mai ƙosai a ɗakinta da ke unguwar Itapagipe. Ina ɗauke da buhun sukari a bakin tashar jiragen ruwa aka gaya mini. Na ce to, na kai buhun inda aka ce in kai. Har yau hawaye bai zo ba.

Yaya, mu 'yan dakon da aka kawo bauta Bahiya ta ƙasar Barazil daga ƙasar Hausa, gindin kaskonki ne mahaɗarmu. Wanda ya wuni bai samu kaya ba, kya tura masa ƙosai a ganye ba tare da kin dube shi ba, don kada ya ji kunya. Shekarar da na faɗi a hawan tudu na karye, a ƙofar ɗakinki na yi jinya, kina dama mini kunu har na taka.

Daga baya tabo mai ɓawo ya fito miki a kumatu da karan hanci, tsakiyarsa tana fari, gashin goshinki yana zubewa. Aka ce kuturta ce. Masu saye suka janye, maƙwabta suka kai ƙara a kai ki gidan kutare, inda mai shiga ba ya dawowa, a bar 'yarki A'ishatu ita kaɗai.

Likitan da aka tura ki wurinsa ya ce ba zai yanke hukunci da ido ba. Ina tsaye ya yanki fata kamar ƙwayar shinkafa daga gefen tabon, ba ki ko motsa ba. Ya yanyanka ta siriri, ya rina, ya ɗora a gilashi, ya duba ta madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Da muka koma, ya ce bai ga ƙwayar kuturta ba. Wani ciwo ne da suke kira lupus, wato kyarkeci, ba ya yaɗuwa, amma ba shi da magani, kuma rana tana tsananta shi.

Kika roƙa a bar ki ki leƙa madubin. Kin daɗe a sunkuye, sannan kika ɗago kika ce da ni, “Haruna, gara kyarkecin. Shi ba ya raba uwa da 'yarta.”

Kika sa malafa kika koma bakin kasko, ko da yake ba duka masu saye suka dawo ba. Kowace Juma'a sai ki kai ƙosai ƙofar gidan kutaren, ki ce saura ƙiris da can kike. Haka kika yi har ciwon ya shiga ciki, ƙafafu suka kumbura.

Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinki a wannan ƙasa ta nesa.

Ina miƙa ta'aziyya ga A'ishatu da mijinta Zubairu. A'ishatu a nan aka haife ta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Gobe zan je in karanta mata wannan, in juya mata abin da zan iya da harshen Fotugis. Sauran, Yaya, ke kaɗai ce da za ki ji. Allah ya ba mu haƙuri.